Abin da Ke da Mai Saye Ba Ya Kwana a Bola

Sharhinmu na yau a kan shara ne, sharar garin Potiskum.

Duk wanda ya tsaya a bakin bola a Dogo Tebo, ko Tsohuwar Kasuwa, ko bayan wata tashar mota, ya daure wa wari ya ƙare mata kallo, zai ga abin mamaki. Babu guntun ƙarfe ko ɗaya. Babu gwangwanin lemo, babu mataccen batirin mota, babu fasasshiyar tukunyar alminiyam, tsohon silifa ma ba ya kai la'asar. Abin da ya rage kashi biyu ne. Akwai toka da rairayi da kashin awaki da ɓawon kayan miya, sannan akwai leda: baƙa, da fara, da ta ruwa, da ta taliya, da ta garin sabulu, ga kuma ƙunzugun jarirai na zamani da ake yarwa. Babu dokar da ta ce a tsince ƙarfe a bar leda, babu jami'in da ya tsaya da bulala yana rabawa. Sikeli ne ya raba. Ƙarfe yana da mai saye a kan kilo, ita kuwa leda ko dai babu mai saye, ko kuma abin da ake biya bai kai ladan sunkuyawa ba.

An saba, duk lokacin da aka tashi zancen ƙazantar garuruwanmu, sai a ɗora laifin a kan jahilci da lalaci, a ce mutanenmu sai an wayar musu da kai. Ni ban yarda da wannan ba, kuma bolar nan ce shaidata. Mutanen da suka iya zaro ƙusa daga cikin toka ba sa buƙatar a koya musu darajar abin da aka yar. Abin da ya faru shi ne wani kaya ya shigo rayuwarmu, wanda aka yi shi don aikin minti biyar, yana kuma iya shekaru masu yawa bai ruɓe ba, sannan babu wanda aka ɗora wa nauyin karɓarsa in an gama da shi. Muddin ba a yi wa leda farashi ba, duk wani wa'azin tsafta zai ci gaba da bi ta bayan kunne.

Mu fara duba abin da garin nan ya riga ya iya, domin ba ƙarami ba ne. Potiskum gari ne na shanu, da hatsi, da manyan motoci, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda hanyoyin Bauchi da Gombe da Gashuwa suka haɗu, kuma kowace ɗaya daga cikin sana'o'in nan uku tana da hanyar da take bi da ragowarta. Saniyar da aka yanka babu abin da ake zubarwa a jikinta sai kaɗan. Fata ta tafi wajen majema ko ta zama ganda, ƙashi da ƙaho da kofato ana tara su a loda wa mota, jini akwai masu dafa shi su shanya ya shiga abincin kaji, abin da ke cikin tumbi kuma taki ne. A kasuwar hatsi, ƙwayar da ta zube wajen awo ba ta kwana a ƙasa, akwai masu sharewa su tankaɗe su bushe, dusa da ƙaiƙayi da harawa kuwa kowa ya san kuɗi ne. Buhun da ya gaji da hatsi ya koma shinge, ko shimfiɗar shanya, ko a warware shi a tuƙa igiya. A ɓangaren mota abin ya fi ban sha'awa. Tayar tirelar da ta gama zirga-zirgar Legas tana komawa takalmi, da igiyar ɗaure kaya, da abin ba dabbobi ruwa. Tif ya zama guga. Ƙarfen sifirin ya je maƙera ya fito gatari da adda da fartanya. Rim ya zama murhu. Durum ya zama ƙofa ko kaskon suya. Masu zubin tukwane suna narka tsohon alminiyam su fitar da tukunya da ludayi, kuma ko ba su taɓa jin lissafin ba, suna yin abin da masana suka tabbatar, cewa narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 ne kacal cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen fitar da sabo daga ma'adini. A cikin gida kuma, gwangwanin madara ma'auni ne, gorar lemo ta zoɓo ce ko kunun aya ko man gyaɗa, tsohon zane ya zama tsumma ya zama cikin matashi, ƙanzo ya jira ranarsa, ruwan wanke hatsi na awaki ne. Duk wannan ana yin sa ba tare da an kira taron bita a otal ba, ba a kuma raba wa kowa riga mai rubutu ba.

Mafi girman abin da muke juyawa kuwa shi ne taki, kuma a nan ne asarar ta fi ciwo. Bankin Duniya, a rahoton da ya fitar kan shara a 2018, ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin abin da ake zubarwa ragowar abinci ce da ganyaye, wato abin da ke ruɓewa. A gari irin namu, inda kusan kowane gida akwai turke, sai ka ƙara da kashin dabbobi da tokar murhu. Wannan abincin gona ne. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Daga cikin abin da ya bayyana akwai jakunan da ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki. Birni yana cin abin da gona ta bayar, yana mayar mata da ragowar. Haka abin yake a nan ma: manomin Mamudo ko Danchuwa ya san darajar juji, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, buhun takin zamani ya zama abin da sai an yi shawara da iyali kafin a saya, darajar juji ta ƙaru. To amma jujin yau ba na jiya ba ne. Wanda ya sayi tifa guda ya zuba a gona, sai ya ɗauki 'yan aiki su tsince leda, in kuwa bai yi ba, garma ta binne ta, ta hana ruwa ratsa ƙasa, ta tare saiwa, wadda ta rage a sama iska ta ɗebe ta ta rataye a ƙaya. Ga fasassun kwalabe, ga batiran tocila, wani lokaci har da allurar asibiti. Leda ba ta da nauyi a cikin shara, ƙalilan ce in aka auna, amma ita ce ke karya darajar duk sauran.

Sai dabbobi. Ranar Laraba garin nan yakan cika ya batse, domin kasuwar shanunmu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya shigo, daga mai shanu zuwa dillali zuwa ɗan kamasho zuwa yaron mota, zai sha ruwan leda, zai ci abin da aka ƙulla masa a leda. Inda ya tsaya nan zai yar. Dabba mai tuƙa ba ta tantance abin da take haɗiya, balle da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ga kuma ledar tana ƙamshin gishiri da mai. In ta shiga tumbi ba ta narkewa, ba ta kuma fita. Tana cuɗewa da wadda ta riga ta, ta zama dunƙule, ta cika wurin da abinci zai zauna. Sai ka ga tunkiya ciki ya yi tulu amma ƙashin baya a waje, ana ba ta dusa tana kau da kai, a yi ta sayen maganin tsutsa ana ɗura mata a banza. Likitocin dabbobi sun san ciwon, mahauta sun fi su saninsa, domin su ne ke buɗe tumbin su ga abin da ke ciki. Maganinsa tiyata ce, wadda sau da yawa mai dabba ba zai iya biya ba, sai a sa wuƙa a sayar da asara. Matar da ta sayi ɗan rago bayan Sallah tana kiwo don ta fitar da kayan ɗakin 'yarta, in leda ta kashe shi, ita ce ta biya kuɗin ledar da wani ya yar kyauta. Haka mai gidan da ruwa ya ci katangarsa a watan Agusta saboda kwalbati ya toshe. Ashe leda tana da farashi tun tuni, sai dai wanda bai ci ba shi ke biya.



Masu shekaru a cikinmu za su tuna da kuɗin kwalba. A da, in ka sayi lemo za ka tafi da shi gida, sai ka ajiye wa mai shago wani abu a kan kwalbar, in ka dawo da ita ya mayar maka. Motar kamfani ba ta sauke cikakken kiret sai an ba ta wanda babu komai. Wa ya taɓa ganin lafiyayyar kwalbar lemo a cikin magudana a wancan zamani? Ko an yar, yaro zai ɗauka kafin ta huce. Mutanen nan dai su ne, tarbiyyarsu ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne kamfanoni sun koma gorar roba, suka huta da jigilar kwalabe da wanke su, suka bar wa gari ragowar. Jamus, wadda ake yawan kafa mana misali da tsaftarta, dabarar nan ta kuɗin kwalba ta mayar doka tun 2003: ana ɗora santi 25 a kan gora ko gwangwanin sha, ka karɓi abinka in ka mayar, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna dawowa. Bajamushe ba ya mayar da gora don ya fi Bangizime ko Bakarkare ko Babole son ƙasarsa. Kuɗinsa yake bi.

Me ya hana kasuwa da kanta ta yi wa leda farashi, yadda ta yi wa ƙarfe? Ai ledar ruwa tana narkuwa, kuma a Kano akwai masana'antun da ke sayen tsohuwar roba su niƙa su narka su fitar da buta da bokiti da baƙar leda. Matsalar lissafi ce. Sai an tara ɗaruruwan ledojin ruwa kafin su kai kilo guda. Wadda aka tsinto daga bola ta sha ƙasa da maiƙo, sai an wanke an shanya, mai saye kuma zai zabge nauyin datti. Daga nan zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma motar da aka cika da ledar da ba a matse ba iska ta ɗauko, alhali man da za ta sha daidai yake da na wadda ta ɗauko ƙarfe. Kafin a fitar da kuɗin mota da na lodi, abin da zai isa hannun mai tsinta bai taka kara ya karya ba. Giɓin ke nan, kuma ba shi da faɗin da za a ce ba ya cikuwa. Jakar ruwa leda 20 ce. A ce an ɗora naira guda a kan kowace leda tun daga gidan ruwa, naira 20 ke nan a jaka, aka kuma ce duk wanda ya kawo leda busasshiya za a auna a biya shi daga wannan kuɗi. Nan take kilo guda ya koma ɗaruruwan naira, kafin ma a haɗa da abin da masana'anta za ta biya. Kowace ledar ruwa da sunan kamfaninta a jiki, don haka ba a ɓoye take ba. Motocin da ke raba ruwa shago-shago kullum suna komawa babu kaya. Masu gidajen ruwa suna da ƙungiya. Abin da ya rage shi ne rumfa da sikeli a manyan unguwanni da kasuwanni, da injin matsewa ko guda ɗaya da zai mayar da tulin leda ƙunshi mai nauyi. Mota kuwa, in akwai garin da bai kamata ya yi kukan mota ba a ƙasar nan, Potiskum ne. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a dokokinmu: hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin da ya ɗora wa mai ƙera kaya alhakin abin da kayansa suka bari, manyan kamfanonin abin sha ma sun kafa ƙawancen tattara roba tun 2018, sai dai aikinsa ya fi ƙarfi a Legas. Kayansu sun san hanyar Yobe, ya kamata sikelinsu ma ya san ta.

Wani zai ce ai wannan haraji ne a kan talaka, ana fama da tsadar rayuwa kuma a ƙara wa ruwan sha kuɗi. Maganar tana da nauyi. Amma haraji shi ne kuɗin da ka bayar ba ka sake ganinsa. Wannan ajiya ce, wanda ya adana ledarsa zai karɓi abinsa, wanda ya ga ya fi ƙarfin adanawa ya bar wa mabuƙaci. In ma aka bi diddigi, kuɗin daga aljihun mai yarwa yake fita ya shiga na mai tsinta, kuma mun san wanda ya fi wani ƙarfi a tsakaninsu. Inda haɗarin yake shi ne wurin riƙon kuɗin. In aka zuba shi a asusun da ba a san mai sa hannu ba, wata uku ya yi yawa a fara cewa mai awo ya tafi, a dawo gobe. Shi ya sa ya fi kyau ya zauna a hannun ƙungiyar masu ruwa da dilolin roba, waɗanda cinikinsu ne zai lalace in an daina biya, hukuma ta tsaya a matsayin mai duba littafi.

Wani kuma zai ce a huta da wannan dogon lissafi, a hana leda kawai. An gwada. Bangaladash ta hana tun 2002 bayan ta ga yadda leda ke toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu. A Ruwanda abin ya kama sosai. Amma maƙwabciyarmu Nijar ta yi irin wannan doka tun 2014, kuma duk wanda ya shiga Maraɗi ko Damagaram ya san inda aka kwana. Jihar Legas, da ta fara da hana robar zuba abinci a farkon 2024 ta kuma faɗaɗa haramcin a watan Yulin 2025, ba ta taɓa ruwan leda ba, domin ta san abin da zai biyo baya. Garin da famfo ba ya kai wa kowa ba ya hana ruwan leda. Baƙar leda mara kauri kam, ita ta cancanci a matsa mata, domin ko an tara ta ba ta da wani amfani, kuma muna da abin maye gurbinta da ba mu daɗe da ajiyewa ba. Kwando da jakar buhu suna nan. Alale a gwangwani ake yin sa kafin a koma ƙulla shi a leda. Mai sayen koko da kwanonsa yake zuwa. Dole kuma a faɗi gaskiya, juya roba ba ya gama da ita: ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 9 ne kawai cikin 100 na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa, kuma duk narkawa ingancinta raguwa yake. Farashi zai ɗauke leda daga ƙasa, rage yawanta kuma aikin mai cefane ne da mai shago.

Akwai masu cewa duk wannan aikin gwamnati ne, me ya kai mu. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kwashe shara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, jiha kuma tana da hukumar kare muhalli ta YOSEPA, sannan tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, jama'a suna da ƙarin hujjar tambayar ina aka kwana. A tambaya, kada a gaji. Sai dai mu lura da abin da kwashewa take nufi. Tifa ta zo, ta ɗebi toka da taki da leda a cakuɗe, ta kai bayan gari ta juye a wani kududdufi, wani ya cinna wuta, hayaƙi ya dawo mana da iskar yamma, shanun da ke shigowa kasuwa su bi ta kai. An kashe man gas an matsar da matsala kilomita kaɗan. Tun zamanin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980 ake tsare mutane a gida ranar Asabar don tsaftar gari, a yashe magudana a tara a bakinta, ruwan farko ya mayar. Shekara arba'in ana abu ɗaya ya isa a gane cewa yawan tifa ba shi ne maganin ba. Garin da ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa mutum fiye da dubu 200, ya kuma karɓi baƙi masu yawa a shekarun rikici, ba zai taɓa samun motocin da za su ishe shi ba in komai sai an kwashe. In taki ya tafi gona da kuɗin manomi, ƙarfe da roba suka tafi sikeli, abin da zai rage wa hukuma kaɗan ne, kuma shi ne ainihin nata: ƙunzugun jarirai, da sharar asibiti, da abin da ba ya juyuwa.

Yanzu sai magana mai zafi, ta 'yan jari bola. Duk tsarin da na zayyana a kafaɗarsu zai hau, alhali mutane da yawa ba sa son ganinsu a ƙofar gida, kuma ba a rasa dalili ba. An sace tukwane a tsakar gida, an yanke wayar lantarki, an cire ƙofofin makarantu. Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar tsintar ƙarfe a Borno a watan Yulin 2023, bayan kashe-kashen da 'yan bindiga suka yi wa masu shiga daji neman ƙarfe, da kuma ɓarnar kayan gwamnati. Abuja ta kori 'yan jari bola daga cikin birni a farkon 2025 saboda satar murafun magudanai. A watan Yunin 2025 wani abu ya fashe a cikin kayan gwangwan a Kano ya kashe mutane, har gwamnatin jihar ta dakatar da shigo da irin kayan daga Arewa maso Gabas. A yankin da ya ga yaƙi, tsohon ƙarfe ba abin wasa ba ne. Duk da haka, ɓarawon ƙarfe ba ya cin ƙarfe, sayarwa yake yi, kuma masu sikeli ba su da yawa, ba kuma a ɓoye suke ba. Garin nan ya san yadda ake tsare ciniki daga kayan sata, domin a kasuwar shanu baƙo ba ya sayar da sa sai da dillalin da ya tsaya masa, wanda za a kama in magana ta taso. A yi wa sikeli haka. Kowane dila ya yi rajista, ya san yaransa da suna da unguwa, ya rubuta abin da ya saya, a kuma bayyana kayan da ba a saye ko da kyauta: wayar lantarki, murfin magudana, ƙarfen gada, da duk wani abu mai kama da harsashi, wanda jami'an tsaro kaɗai za a kira wa. Birnin Pune na Indiya ya bi wannan hanya tun 2008, ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsintar shara, aka ba su katin shaida suna bi gida-gida, magidanta suna biyansu. Korar su ba ta kashe sana'ar, dare take mayar da ita. Rajista ce kuma kaɗai za ta ba da damar a ce wa dila kada a sake ganin yaro ɗan shekara takwas da buhu a bola lokacin da 'yan'uwansa ke aji, domin wanda ba a san da shi ba ba a kafa masa sharaɗi.

Kada kuma yabon da na yi wa iya juya kaya ya rufe mana ido, wani juyin guba ne. Galan ɗin maganin feshi ba ya wankuwa har ya cancanci ruwan sha ko man girki. Gorar da aka tsinto daga bola ko harabar asibiti aka ɗauraye da ruwa ɗaya aka ɗura zoɓo, cuta ake sayarwa da sanyi. Babbaka da taya, da ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe, da hura gawayi da leda, duk hayaƙinsu a ƙirji yake sauka. Baƙin man da ake juyewa a ƙasa a garejin manyan motoci yana bin ruwa ya gangara, a garin da ya dogara da rijiya da burtsatse. Mafi muni shi ne batir. Ga na tireloli, ga na Keke Napep, ga na sola da ya cika gidaje yanzu, galibinsu cike da dalma, kuma ana fasa su a zubar da ruwan a ƙasa inda yara ke wasa. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito, ya san ba a gwaji da ita. Batir yana da farashi mai kyau, shi ya sa ba a ganinsa a bola, amma a nan farashi kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da sharaɗin a sayar da shi a rufe yadda yake, a kuma tafi da shi a rufe.

A cikin gida kuwa abin da ake nema bai kai yadda ake zato ba. Ana cewa matan gida ba su da wuri ko lokacin kasa shara kashi-kashi, alhali sun daɗe suna yi: dusa daban, toka daban, gwangwani daban, tsumma daban. Buhu ɗaya ne za a ƙara, a rataye a ƙusa inda akuya ba ta kai, duk ledar da aka gama da ita a zazzage ta shiga nan tun tana busasshiya, kada ta taɓa haɗuwa da sharar tsakar gida. Ko kafin a fara biya, gidan da ya yi haka ya tsirar da dabbobinsa, jujinsa kuma ya zama wanda manomi zai yi rubibi. Wurin da ya fi dacewa a fara gwada biyan kuwa shi ne kasuwar shanu, domin rana ɗaya ce a mako, tana da shugabanni da ake jin maganarsu, kuma masu asarar suna tsaye a cikinta. Hanyar gane ko abin yana aiki ma tana kusa: likitan dabbobin da ke duba nama a mayanka ya riƙa rubuta tumbi nawa aka buɗe a mako, nawa aka samu da leda, a fara tun kafin a kafa sikelin, a kuma karanta adadin a gidan rediyo duk ƙarshen wata.